Amsar da Kamus Ya Ƙago

A gidansu, Kamus ake kiran yaron nan. Komai ka tambaye shi, amsa na bakinsa. Shi kuwa ya fi son sunan nan fiye da nama.

Wata rana yana goge rigar makaranta, sai ƙanwarsa Auta ta shigo da littafi. Gobe za a zaɓi masu wakiltar ajinsu a gasar kacici-kacici, ita kuma ta ci burin shiga.

"Yaya, ga wata kalmar Turanci, *seismic*. Malama ta ce tana nufin abin da ya shafi girgizar ƙasa. Daga ina ta samo asali?"

Kamus bai sani ba. Amma ina! Bakinsa bai saba da faɗin haka ba.

"Sunan wani Bature ne, shi ya fara auna girgizar ƙasa," ya ce, ko ɗagowa bai yi ba.

"Ka tabbata?"

"Ni kike tambaya?"

Washegari Auta ta dawo idanunta jajur. Malama ta yi tambayar, ita kuma ta miƙe ta faɗi amsar yayanta da ƙarfi, har tana musu. Ba a zaɓe ta ba.

"Na ce musu yayana ba ya kuskure," ta ce cikin kuka.

Kunya ta rufe Kamus.

Baba ya ajiye awon ɗinkinsa, ya sauko da babban ƙamus daga kan kabad, ya kaɗe ƙura.

"Buɗe ka karanta mana."

Kamus ya karanta a hankali. Ashe daga Girkanci kalmar ta fito, daga *seismos*, wato girgiza. Babu Bature ko ɗaya a ciki.

Da safe ya riƙo hannun Auta har gaban malamarta.

"Malama, laifina ne. Ni na ƙaga amsar. Don Allah a sake gwada ta."

Malama ta dube shi, ta yi murmushi. Ta jero wa Auta sababbin tambayoyi, Auta ta cinye su tas. Aka saka sunanta cikin 'yan gasa.

A hanyar komawa aji Auta ta ce, "Yaya, me ke jawo girgizar ƙasar ma?"

Kamus ya buɗe baki, ya rufe.

"Ban sani ba. Mu je mu duba."

Daga ranar ya gane cewa faɗin "ban sani ba" ba abin kunya ba ne. Amsar ƙarya ce ke cutar da wanda ya yarda da kai.