Bijimin Baba da Mai Awon Gyatsa

Ku gafarce ni, ni karatu na sani, ban taɓa rubuta labari ba. Haushi ne ya miƙo mini biro.

Yayata tana zuba wa shanu dusa, malamin dabbobi ya shigo garkenmu da wata na'ura. Ya kara ta a bakin Dogo, bijimin Baba, yana jiran gyatsa. Yaya ta yi dariya har bokiti ya suɓuce mata. Ya ɗago, suka haɗa ido. Shi ke nan.

Da ya zo gaida Baba, gaskiya ta ja masa.

"Baba, 'ya'yan Dogo ci kawai suka iya. Shekara huɗu kafin su isa yanka, kullum suna gyatsar iskar da ke ƙara wa duniya zafi. Akwai wani ɗan bijimi, nasa a shekara biyu sun isa."

"A gidana za ka zagi Dogo? Fita! Mai shinshinar bakin saniya ba zai zama surukina ba!"

Wani ɗan dillali kuwa mai neman Yaya, wanda ko igiya bai iya ɗaurewa ba, ya zo yana shafa tozon Dogo, aka shimfiɗa masa tabarma. Ku ji zalunci!

Kwana uku malamin shiru. Yaya ta tura masa saƙo: "Mai Gyatsa, tsawa ɗaya ta kore ka? Ashe son naka bai kai nauyin ɗan maraƙi ba."

Ya amsa: "Sanyin idona, bijimin na je ɗaukowa. Roƙar mana shanu biyar."

Yaya ta durƙusa gaban Baba. "Ka ba sabon bijimin shanu biyar, Dogo biyar, in sun haihu sikeli ya raba gardama. In Dogo ya ci, na haƙura da malamin."

Baba ya yarda. Kusan shekara uku tana juya maruƙan daga shinge zuwa shinge kafin ciyawa ta tsufa. Ɗan dillali ya gaji, ya auri wata.

Ranar awo, 'ya'yan ɗan bijimin suka rinjaya. Baba ya ce sikelin ya lalace, ya hau da kansa. Ya sauko, ya dubi malamin.

"Na ba ka ita. Allah ya yi muku albarka. Amma Dogo zai tsufa a inuwarsa."

Har yau bai ce ya yi kuskure ba!

Ranar ɗaurin aure, ana tsakiyar addu'a, na tura takardun labarin nan ƙarƙashin ƙofar amarya, na ɗauki takalmana a hannu, na sulale ta bayan garke. Dogo ne kaɗai ya gan ni. Ya yi gyatsa.