Hannun da Ya Ƙi Shiga Kwano

Da safe aka tsinci gawar Baba Gaston Bengba a bakin rafin da ake wanke tsakuwa, an rotsa masa ƙeya. Shi ne shugaban masu haƙar lu'ulu'u a garinmu, Mbelu. A hannunsa na dama akwai carbi.

Kisan ya zo a mummunan lokaci. Tun yaƙi aka ƙaƙaba wa duwatsunmu takunkumi, ba mai saye sai 'yan fasa-ƙwauri, su ma a wulaƙance. A makon nan baƙi za su zo daga Bangui su duba ko mun zauna lafiya, ko Musulmin da suka gudu Kamaru sun dawo, sannan a ɗage. Sun kuwa dawo, ko fentin ƙofofinsu bai bushe ba.

Kafin Sufeto Zaoro ya kafe babur ɗinsa, samari sun cika wurin da adduna. Kowa ya san carbin Alhaji Hamajoda ne, dillalin da ya jagoranci masu dawowa.

Sufeto mutum ne mai nawa, har ana cewa kafin ya gama gaisuwa ɓarawo ya haye kogin Mambere. Ya tsuguna ya daɗe. Zaren carbin bai tsinke ba, ko ɗigon laka babu a jikinsa. Abin da aka fizga a kokawa ba ya fitowa lafiya lau haka.

Prosper Dangbo, mataimakin shugaban kwamitin sulhu, yana tsaye gefe, hannuwa a baya. Ya ce shi dai ya yi iya ƙoƙarinsa, samari sun yarda su jira har a binne mamaci da yamma, daga nan kuma ba ya iya tare ambaliya da tafin hannu.

Sufeto ya tarar da Alhaji Hamajoda ana loda masa katifu a mota, mata na kuka a tsakar gida. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Alhaji ya rantse rabonsa da Gaston tun Juma'a.

"Alhaji, matarsa ta ce jiya a nan ya sha shayi."

Dattijon ya zauna a kan ƙullin kaya. Ya ce tsoro ne ya sa shi ƙarya. Shi da Gaston sun yi shawara ne cewa da zarar an ɗage takunkumi, kowane dutse ofishin hukuma zai bi, an gama bin hanyar daji da shi.

"Carbin fa?"

"Shef," in ji Alhaji, don haka muke kiran Sufeto, "ka manta ranar sulhu? Ni na rataye carbina a zauren kwamiti, shi Gaston ya rataye addarsa. Tun ranar ban taɓa shi ba."

Makullin zauren biyu ne, ɗaya wurin Gaston, ɗaya wurin Prosper. Biri ya yi kama da mutum, amma kama ba hujja ba ce, don mamacin ma zai iya ɗaukowa da kansa. Sufeto ya roƙi Alhaji kada motar ta tashi. Ya san in ta tashi, unguwar gaba ɗaya za ta bi ta, kuma wannan karon ba mai dawowa.

A gidan makoki an fito da gozo, tuwon rogonmu, da miyar ganyen rogo. Maza suka kewaye kwano. Prosper, wanda garin nan ya shaida ba a barinsa da kwano a juya baya, ya ce cikinsa ke murɗawa. Can sai 'yarsa mai koyon tafiya ta taho tana tangaɗi, hannuwa a miƙe. Ya yi tsalle baya kamar ya taka garwashi, ya daka wa uwar tsawa ta zo ta ɗauke ta.

Sufeto ma ɗan ƙabilarmu ta Gbaya ne, kuma ya ga irin wannan bayan yaƙi. A wurinmu wanda ya zubar da jini ba ya sa hannu a kwanon dangi, ba ya taɓa ɗansa, sai an wanke shi da ganyen soré, wato marke. In ya yi gangancin taɓawa, jinin zai bi yaron.

Ya wuce wurin Mama Yasi, tsohuwar da ke yin wankan. Ta ce ba wanda ya zo, ko kaza ba ta leƙo gidanta ba. A bayan turminta kuwa ga reshen marke ɗanye, sabon sara.

"Mama, wannan da ƙafarsa ya zo?"

Ta harare shi. "Ɗan nan, tun kana tsirara bakinka ke da kaifi. Mai shi ya kawo, na kore shi. Ba a wanke jinin ɓoye. Sai ya faɗi sunan mamacin a gaban mutane. Sunan mai reshen kuma ba daga bakina ba."

Ana gama tura ƙasa a kabari samari suka ɗaga adduna, fuskokinsu na kallon unguwar masu dawowa. Sufeto da 'yan sandansa ba su kai yatsun hannu ɗaya ba, bindigarsu kuwa ta fi kama da sanda. Prosper ya hau tudu yana cewa a yi haƙuri, amma dai jinin Baba Gaston ba ruwa ba ne. Irin haƙurin da ke ƙara wa wuta fetur.

Sufeto ya ratsa taron da tafiyarsa ta hawainiya. Ya karɓi 'yar Prosper daga bayan uwarta, ya tsaya gaban Prosper.

"Riƙe mini 'yarka, zan yi wa jama'a magana."

"Shef, ba lokacin wasa ba ne."

"Riƙe ta."

Yarinyar ta miƙa hannu tana dariya. Prosper ya ja baya. Sufeto ya matsa, ya sake ja, har dugadugansa suka nutse a sabuwar ƙasar kabarin. Tsofaffi ne suka fara ganewa, wata ta dafe ƙirji.

"Kada ka ɗora mini ita," in ji Prosper. "Don Allah, Zaoro. Ita kaɗai gare ni."

"To faɗi sunan."

Prosper ya durƙusa ya faɗi sunan Gaston. Ya ce shi ke kai duwatsu Kamaru ta daji, takunkumin nan shi ne gonarsa. Ya so baƙi su tarar da gari na ci da wuta su juya. Ya tanadi carbi, ya tanadi ƙarya, abin da bai tanada ba shi ne yadda zai koma gida da hannun.

Wani saurayi ya ɗaga adda ya yo kansa. Matar Gaston ta sha gabansa, ta ce jini ɗaya ya ishe ta wankewa a gidan nan.

Aka sa wa Prosper ankwa. Mama Yasi ta fito da ƙwarya, ta tsoma reshen marke ta yayyafa masa tun daga ka har ƙafa, tana faɗin abin da ake faɗa. Sufeto ya jira ta gama, sannan ya ɗora masa yarinyar a kan hannuwan da ke ɗaure. Ya rungume ta yana kuka, ita kuwa sai wasa take da sarƙar. Aka karɓe ta, aka tasa ƙeyarsa.

A hanyar ofis suka bi ta ƙofar Alhaji Hamajoda. Labari ya riga su isa. Dattijon na tsaye, direba na jiransa da inji a kunne.

"Kashe motar," in ji Alhaji. "Ku sauke katifun."