Zoben da Dutse Ya Juya

Ranar da Anatole ya zo zana 'yan wasan gidanmu na kwaikwayo a Paris, Honorine na can ƙarshen dandamali da kayan 'yar aiki, rawar da ake ba ta kullum. Shi ya fara kallonta har fensirinsa ya faɗi. Duk mai cewa ita ta bi shi, ƙarya yake, kuma ya sani.

"Malam mai zane, manyan na can tsakiya," ta ce.

"Na gan su. Hasken ne ya fi yawa a nan."

Ta kalli yatsunsa da tawada ta rine. "Mai baƙin hannu, da zaƙin baki."

Sunan ya bi shi. Kullum ya zo gwajin wasa sai ya bar mata takarda a aljihun riga: "Tauraruwata, yau sau uku na zana hancin Gaudriot, babban ɗan wasanku, duk naki ke fitowa."

Mahaifinta Crépin, mai tuna wa 'yan wasa magana daga ramin gaban dandamali, ya ce bai san zancen ba. "Mai shafa maiƙo a dutse? 'Yata ba za ta ci burodi da tawada ba."

Aikin Anatole kuwa abin kallo ne. A kan dutse mai santsi yake kwafe zanen da alli mai maiƙo, yana duba madubi, domin in an danna takarda dama kan koma hagu. Wannan karon hankalinsa na wajen yarinya, ya manta madubin.

Hoto ya fito, ya cika tagogin shaguna. Kyau kam ba a magana: ga labule kamar ka taɓa, ga Gaudriot babban ɗan wasa da tumbinsa, ga Honorine da ya matso da ita kusa da shi tana murmushi. Sai dai zoben marigayiya uwarta, da ba ya barin hannunta na dama, ya koma hagu, yatsan aure.

Zélie, wadda ta daɗe tana harin rawar Honorine, ita ta kunna wutar. "Kun ga zobe? Gaudriot ya ajiye ta a ɓoye, da matarsa da 'ya'ya uku!" Munafuka! Mai gidan wasa ya ce ran Asabar Honorine ta kwashe kayanta.

Ta yi kuka har idonta ya kumbura, ta rubuta wa Anatole: "Ka ɓata min suna a duk titi. Kar ka ƙara ce min tauraruwa."

Washegari da hantsi ana tsakiyar gwaji, sai ga Anatole da dutsen a gadon baya, ya tako da shi tun daga ɗakin buga hotuna, gumi sharkaf. Ya dire shi gaban kowa.

"Ku duba hannunta. Dama ne ko hagu?"

Dama ne. Gaudriot ya leƙa ya kwashe da dariya. "Ashe shi ya sa takobina ya koma hagu! Ni da ko cokali ban iya riƙewa da shi!"

Mai gida ya janye maganarsa. Crépin ya fito daga raminsa yana kaɗe gwiwa.

"Yaro, Paris ba ta ga dutse ba, takarda ta gani. Ko ka bi shago-shago ka tattaro su, ko ka mai da ƙaryar gaskiya."

"Baba, na biyun ya fi sauƙi. In ta yarda."

Honorine ta share hawaye. "Mai baƙin hannu, ka wanke hannun dai kafin ka sa min zoben."

Bai wanku ba. A ofishin magajin gari aka ɗaura, da ɗigon tawada a yatsanta na hagu. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Zélie kuma har yau ba ta ba da haƙuri ba. A gaban mutane ta faɗa, a gaban mutane za ta janye. Ana jira.