Ƙwarzane a Fuskar Agogo

Guduma ta sauka a kan akwatin gilashi — tas! Mai shagon agoguna ya kwanta rubda-ciki kamar yadda aka umarce shi. Mai gadi ya yunƙura zai danna ƙararrawa, Oga, shugaban 'yan fashin, ya sakar masa harsashi a kafaɗa.

"Kwashe, Tsinke! Kwashe!"

Tsinke ya share agogunan cikin jaka da gefen hannu, ya jefa gudumar a kansu, ya ja zik. A waje, rana tsaka, Fenta na riƙe da sitiyari, inji na rugugi. Suna faɗowa ya fizgi motar — ya sha kwana, ya kutsa layin masu kayan gini, ya ɓace cikin manyan motoci.

Fenta mai fentin mota ne kafin garejinsa ya mutu, shi ya sa sunan ya bi shi. Mutum ne da ba ya iya ganin karce a jikin ƙarfe ya wuce. Da yake shi kaɗai ne bai shiga shagon ba, Oga ya damƙa masa jakar, ya ce dillali zai zo jibi, kuma babban agogon mai shuɗiyar fuska ya riga ya sami mai saye. Don shi aka yi aikin. Sauran duk rakiya ce.

Da safe Fenta ya shimfiɗa tsumma a kan teburin tsohon garejin, ya jera kayan. Sai ka rantse babu gilashi a fuskokinsu, kamar ka sa yatsa ka taɓa hannun agogon. Dalili kuwa, masu ƙera irin waɗannan sukan yi wa gilashin wani shafi da bai kai fatar albasa kauri ba, wanda ke kashe ƙyalli. Gilashin kansa yana da tauri, wuƙa ma ba ta cika kama shi ba. Shafin ne ke karcewa. Fenta bai san wannan ba. Abin da ya gani, da ya karkata babban agogon wajen taga, shi ne wani siririn ƙwarzane kamar silin gashi, inda gudumar ta goga.

Ya kira Tsinke a waya ya faɗa masa. Tsinke ya ce shi lafiya lau ya zuba kaya, wanda jaka ta kwana a hannunsa shi ya san abin da ya faru. Ya kashe wayar.

Fenta ya zagaya teburin, ya dawo. Sai ya ɗauko man goge mota da auduga. Ai ya fitar da karcen da ya fi wannan a ƙofofin motocin manyan mutane. Ya ɗiga kaɗan, ya murza a hankali. Ƙwarzanen ya tafi, amma wurin ya zama wani tabo mai walƙiya a tsakiyar fuskar. Ya ce wataƙila datti ne. Ya ƙara mai, ya faɗaɗa. Tabon ya bi hannunsa. Ya yi tsaki, ya ce to bari a daidaita duka, ya goge fuskar kaf har gefe. Da ya ɗaga, hancinsa ya gani a ciki, da rufin gareji, da tagar.

A can shagon, Sufeton 'yan sanda na kallon hoton kyamara tare da mai shagon. Da aka zo inda Tsinke ya jefa guduma cikin jaka, mai shagon ya dafe kai, ya ce waɗannan ko satar ma ba su iya ba, sun karce masa kaya. Sufeto ya tambayi wa ke iya gyara irin wannan. Aka ce ba su da yawa a garin. Kafin azahar, kowanne daga cikinsu ya sami baƙo cikin farin kaya yana zaune a bencin ƙofar shagonsa.

Da la'asar Oga ya zo gareji shi da Tsinke. Ya bi agogunan da kallo, idonsa ya tsaya a kan guda ɗaya da ke ta ƙyalli cikin 'yan'uwansa.

"Wannan fa?"

Fenta ya fara bayani, ya kawo batun guduma, ya nuna man gogewa. Oga ya bar shi har ya gama.

"Ni za ka yi wa wayo, ɗan'uwa? Jiya da idona na ga agogon nan, ba ya ƙyalli. Yau ya koma madubin 'yan mata. Ina na gaskiyar?"

"Wallahi shi ne, Oga. Duba nauyinsa, duba lambar bayansa."

"Masu jabu ma sun iya lamba," in ji Tsinke. Sannan ya ƙara, yana kallon ƙasa, cewa dama ya taɓa ganin Fenta yana ƙus-ƙus da wani dillalin.

Fenta ya dube shi, baki buɗe. Tare suka tashi a layi ɗaya, shi ya koya wa Tsinke tuƙi.

Oga bai ɗaga murya ba. Ya ce gobe kafin azahar yana son ganin agogonsa yadda yake jiya. Har zuwa lokacin, Tsinke zai zauna a tsakar gidan Fenta, ya taya matarsa hira.

Washegari Fenta ya nufi shagon wani tsohon mai gyaran agogo a bayan kasuwa. Tsohon ya maƙala gilashin duba a ido, ya juya agogon.

"Ɗana, wa ya yi maka wannan ɓarnar?"

"Baba, a mayar masa da abin da ya fita kawai. Yanzu-yanzu."

Tsohon ya ce ba fenti ba ne da za a fesa. A masana'anta ake yin shafin, sai dai a aiko da sabon gilashi daga kamfani, su kuma sai sun ga lambar agogo, kuma abin yakan ɗauki makonni. Fenta ya roƙa, ya ce ko na wani agogon a ciro a sa. Tsohon ya ce bakin ba zai hau ba. Yana magana yana satar kallon ƙofa.

Fenta ya waiga. Mutumin da ke benci ya miƙe, hannu a ƙugu.

"Kada ka motsa!"

Ya ture teburin, ya yi tsalle ta ƙofar baya — ya faɗa hannun wasu biyu. Suka danne shi a ƙasa. Ankwa ta ce ƙaras. Ba su tambaye shi komai ba tukuna ya fara faɗa musu inda gidansa yake, yana haki.

"Matata na ciki tare da mai bindiga. Don Allah ku yi sauri."

Sun yi sauri. Tsinke ya yi harbi daga bayan ƙyaure, aka mayar masa, bai ƙara tashi ba. Matar ta tsira a ƙarƙashin gado, kuma ran nan ta tattara ta koma gidan iyayenta. Oga aka tsinta a gareji yana jiran azahar, jakar na kan cinyarsa. Dillalin ya kawo kansa da ƙafarsa ranar da aka yi da shi. Mai gadi ya rayu, amma hannunsa na dama bai sake ɗaguwa ba, aikin gadi ya ƙare masa.

A motar da ke kai su kotu, an haɗa Fenta da dillalin ankwa ɗaya. Dillalin ya tambaye shi yaya girman karcen yake tun farko. Fenta ya tsinko zare daga bakin rigarsa ya nuna masa.

Dillalin ya dubi zaren.

"Wannan? Kowane agogon da aka taɓa ɗaurawa yana da irinsa. Da ka bar shi, ko tambaya ba zan yi ba."

Fenta ya jingina kansa da ƙarfen motar.