Kada Ka Fara Taɓa Shi

Da safe a bakin ƙofar ɗakin yara na asibiti ya tare ta, tana rataye da abin awon ƙirji a wuya, ɗalibanta na jiranta a ciki. Malamin lissafi ne, bai iya kwana-kwana ba. Ya ce a ɗage bikinsu.

"Har zuwa yaushe?"

Ya ce bai sani ba. Jiya bayan ta bar gidansa, 'yarsa ta shige ƙarƙashin gado, abinci ma a can ya miƙa mata. 'Yar tsanar da aka kawo mata tana nan cikin kwali. Tun da uwarta ta shiga asibiti ba ta fito da rai ba, ko warin magani yarinyar ta ji sai ta ƙanƙame shi. Shekarunta biyar. Ba zai kawo mata abin tsoro cikin gida ya ce ta kira shi Mama ba.

"Ni ce abin tsoron?"

"Haba masoyiya... ba haka nake nufi ba."

"Haka dai ka faɗa."

Ta bar shi nan tsaye. Ta jima tana rainon 'ya'yan mutane, har ta cire rai da nata gidan, sai ga wannan bawan Allah da alli a hannun riga. Yanzu kuma ga shi zai suɓuce.

A ciki ta tarar da wani dogon ɗalibi ya sunkuya kan yaro mai tari, ya kai masa hannu, yaron ya tsandara ihu. Ta janye ɗalibin, ta durƙusa a gaban gadon. Ta san sunan da suke kiranta a bayan idonta, Dakta Durƙusa, ba ta taɓa nuna ta sani ba. Ta ajiye abin awon a kan zanin gado, ta shiga tambayar uwar yaron yadda suka kwana.

Kowace shekara sai ta ba sababbin ɗalibai labarin mahaifinta. Mai aski ne. Idan aka kawo masa yaro, sai ya miƙa masa injin askin ya riƙe, shi kuma ya juya yana hira da uban, har sai yaron ya gaji ya ja masa riga. Babu littafin da ya koya mata abin da ya fi wannan.

"Kada ka fara taɓa shi," ta ce wa dogon. "Ka bari shi ya fara taɓa..."

Maganar ta maƙale. Jiya daga nan ta wuce gidan Malam kai tsaye, jikinta duk warin asibiti. Tana shiga ta sure yarinyar sama, tana sumbatarta tana cewa zo nan 'yata. Yara dubu ta yi wa haƙuri, ɗayar da take so a ranta ita ta yi wa gaggawa.

Yaron kuwa har ya kama igiyar abin awon yana ja.

Da la'asar ta yi wanka, ta canza kaya, ta tafi ba tsaraba. Malam ya buɗe ƙofa, ya fara cewa Mamana na ciki, haka yake kiran 'yar tasa. Ta ce ba wajenta ta zo ba. Ta ƙi kujera, ta zauna a ƙasa, ta ajiye abin awon nesa da ita a kan darduma, ta tambaye shi me ya sami fankarsa take kuka kamar tsohuwar akuya.

Bai gane ba, amma ya biye mata. Suka yi maganar fanka, suka yi ta ɗalibansa masu tsoron lissafi. Ƙananan ƙafafu biyu suka bayyana a ƙasan labule. Ba ta duba ba, ko da yake wuyanta har ciwo yake don son juyawa.

Can yarinyar ta fito ta ɗauki abin. Ta sa a kunne a karkace. Ta auna kujera. Ta auna gwiwar babanta. Sai ta tsaya, ta matso a hankali, ta ɗora shi a ƙirjin Dakta.

"Baba, nata gudu yake yi."

"Haka yake yi idan mutum yana jin tsoro," in ji Dakta.

"Me kike tsoro?"

"Ke."

Yarinyar ta ƙura mata ido, ta yi nazari sosai. Sannan ta ɗora ɗan tafin hannunta a kumatun Dakta.

"Kar ki ji tsoro. Ni ba na yin allura."

Malam ya tashi ya ba su baya, wai fankar yake dubawa. Bai juyo ba, ya ce zancen safe... a bar ranar bikin yadda take.

"Baba ka yi shiru mana," in ji yarinyar, ba ta ko waiwayo ba. "Aiki nake yi."