Fitilar Falon Akurba

"Wannan nake so, Yaya Mahir! Wannan babbar ita za ta dace da falonmu."

Falonmu...

Ina saman tsani ina goge gilasan wata fitila lokacin da kalmar ta dake ni. Ban juyo ba, don na san mai sunan. Ƙamshin turarensa ma ya riga shi shigowa shagon Babana.

Na sauko a hankali.

Mahir ne. Ya rame, ya ƙara tsawo a idona. A gefensa wata doguwar budurwa ce ta sha leshi da rana tsaka kamar mai zuwa ɗaurin aure. Na gane ta, Zuwairatu ce, 'yar Gwaggonsa Sabuwa, wadda tun muna tare da Mahir take kirana "mai sayar da ƙwan lantarki".

"Mutmainna..." ya ce a hankali.

"Sannunku da zuwa. Me za a ba ku?"

Ni kaina na yi mamakin yadda muryata ta fito garau.

Fiye da shekara rabona da shi. Ranar da magabatansa suka zo neman aurena, Babana, Alhaji Zakiyyu, ya sallame su tun daga zaure. Laifin Mahir ɗaya ne, mahaifiyarsa. Marigayi babansa Bahaushe ne Musulmi, amma Mama Doose 'yar Tibi ce, Kirista, mai noman doya a wajen Adogi. Baba bai taɓa ganinta ba, amma ya ce ba zai haɗa jikoki da gidan da bai san tarbiyyarsa ba. Na yi masa biyayya, na goge lambar Mahir daga wayata. Abin haushin shi ne har yau zan iya karanto ta a kai ko daga barci aka tashe ni.

Shagunan fitilu nawa ne a garin Lafia? Amma sai namu Zuwairatu ta jawo shi, don in gani da idona.

"Ke, sauko mana da waccan," ta ce tana nuna wata shandaliya mai hawa uku, wadda ake ratayawa a zauren biki. "Ina so duk wanda ya shigo ya san matar gida ta waye."

Da na yi shiru na sayar mata, da shi ke nan. Amma bakina bai taɓa jin maganata ba.

"Ba za ta yi ba."

"Ban ji ba?"

"Silin falon ba shi da tsawo. In an rataya ta, shi da kansa zai riƙa buga goshi. Kuma fanka ce a tsakiya."

"Sai a cire fankar!"

"A zafin Lafia? Mama ba ta son sanyin inji, ƙafa yake riƙe mata. Ƙarƙashin fankar nan take shimfiɗa tabarma in ta zo. Akwai ƙugiya ta biyu wajen taga, ƙaramar fitila mai haske ruwan zuma ita ce..."

Sai a nan na ji abin da nake faɗa.



Zuwairatu ta riƙe haɓa. "Ikon Allah! Yaushe kika auna silin gidan mijin wata?"

Ban auna ba. Ina nan aka yi shi. Tun gidan nasa na unguwar Akurba yana bulo tsirara nake bin ƙanwarsa muna kai wa magina ruwa. Ni na tsaya na ce a saka ƙugiya ta biyun nan, Mahir yana dariya yana cewa, "Mainnata, ko rufi ba a yi ba kin fara rataye fitila!"

Yanzu ga shi tsaye yana kallona, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Ba mijin kowa ba ne ni, Zuwaira," ya ce. "Na faɗa wa Gwaggo, na faɗa miki. Na biyo ki ne don ba ni da wata hanyar tako ƙafata cikin shagon nan."

"Au! Haka ka ce?"

Ta figi jakarta ta fice, takalminta na ƙwas-ƙwas. Wallahi ban ji daɗi ba. Tsoro na ji, don na tuna Baba yana zaune bayan kanta tun ɗazu, carbi a hannunsa, kuma babu abin da ya wuce kunnensa.

Mahir ya durƙusa. "Baba, ina wuni."

"Fitila ka zo saye?"

"E, Baba."

Duk Lafia an san halin Babana a sana'a. Ƙwan lantarki ko soket ka biya ka tafi, amma fitilar ratayawa ba ta barin shagonsa sai ya je da ƙafarsa ya ga silin. Ya ce ba zai sayar da abin da zai faɗo wa 'ya'yan mutane a ka ba. Ko maƙiyinsa ne sai ya je.

Ya miƙe ya ɗauki hularsa da abin awo.

"Mu je in gani. Ke kuma, ki kula da shago."

Ko kallona bai yi ba.

Yinin nan ban san yadda ya wuce ba. Wata mata ta nemi ƙwai fari na ba ta ja. Na shiga sito na janyo kwalin da na ɓoye bayan wayoyi tun bara, ƙaramar fitila ce mai rassa kamar furen kabewa. Duk wanda ya tambaye ta nakan ce ta ƙare. Na zauna a ƙasa na rungume kwalin na yi kuka mai isata. Ina son Mahir, ina kewarsa har cikin ƙashina, kuma na san in Baba ya dawo ya sake cewa a'a, a'a ɗin zan bi.

Sai bayan la'asar motar Baba ta tsaya. Shi kaɗai ne. Ya buɗe but, sai ga doya manya-manya har ta hana murfin rufuwa da kyau.

Ya shigo ya zauna, ya daɗe yana juya hularsa.

"Na tarar da uwarsa a can."

Na sunkuyar da kai.

"Ta ce baƙo ba ya fita gidan Tibi da yunwa. Ta daka sakwara da hannunta. Da lokacin salla ya yi ita ta kawo min buta, ta shimfiɗa min darduma, ta nuna min gabas." Ya ajiye hular a kan kanta. "Sannan ta zauna ta dube ni ta ce, 'Alhaji, yaro na ya yi sata ne? Ya sha giya? Ni ne ya tashe shi asuba tun yana ƙarami, ya je masallaci. In laifi na ne, ka faɗa min a ido na, no wahala.'"

"Me ka ce mata, Baba?"

"Me zan ce? Na buɗe baki ban sami komai a ciki ba."

Ban taɓa jin Babana ya faɗi haka a kan kowa ba.

"Gida ya haɗu tsaf, har labule," ya ci gaba. "Amma falon ƙwai ɗaya ne tsirara yake lilo a jikin waya. Ta ce yaron ya hana kowa rataya komai a wurin."

Hawaye ya ɓalle min, ban ko share ba.

Ya dubi kwalin da na manta ban mayar ba. Ya buɗe, ya ɗago fitilar, ya jijjiga ta a hannu yadda yake gwada nauyi.

"Wannan ce wadda ta ƙare?"

"Baba, ka yi haƙuri..."

"Ta dace da wurin. Awonki daidai ne."

"To... in rubuta masa rasit?"

"Ba zan sayar masa ba."

 Shi ke nan, na ce a raina, an sake rufe ƙofa.

Baba ya mayar da fitilar cikin kwali, ya liƙe bakin da kyau, ya turo min ita kan kanta.

"Kai wa Ummanki ta ajiye, ki ce ta fara haɗa sauran. Tun da nake ban taɓa jin inda uban amarya ya sayar wa ango kayan jere ba."