Bencin Baya

Ranar da Irmiya ya fara ganin Keziya, ko kallon arziki ba ta yi masa ba. Ya sauka daga mota a ƙofar ɗakin shan magani na mishan da ke Tungar Gidaɗo, can cikin ƙasar Bukkuyum, da jakar takardu, takalmi sai sheƙi. Ita kuwa tana durƙushe a baranda cikin farar rigar aiki, ta danne wata yarinya da ke ta fizge-fizge.

"Malam, in hannunka na aiki, riƙe mini ƙafafunta."

"Daga ofishin gunduma nake, na zo duba kayan..."

"'Yan ofishin gunduma ba su da hannu?"

Ya ajiye jaka ya riƙe. Sunan yarinyar Nusaiba, shekararta uku. Shekarar dubu biyu da goma ce, lokacin da gubar dalma daga niƙan dutsen zinari ta shiga gidaje tana ɗauke yara ɗaya bayan ɗaya.

Irmiya ɗan Rabaran Makau ne, shugaban gundumar ekklisiyarsu a Gummi, wanda masu bishara na ƙauyuka da ɗakunan magani uku da asusun gunduma duk ke tafin hannunsa. Kwana ɗaya ya ba ɗan nasa ya duba kayan mishan ya dawo. Gogan naka sai da ya yi huɗu.

A kwanakin nan ya ga yadda Keziya ke ɗora uwa da ɗa a bayan mai gadi, a babur ɗin mishan, a garzaya da su Anka wurin likitocin agaji. Doka kuwa ta ce babur na kai mai bishara ƙauye ne da ɗauko magani, shi ke nan. Ya san dokar sarai, amma so ya riga ya rufe masa ido.

Yana isa gida ya tura mata saƙo: "Likitata, na iso Gummi lafiya, amma zuciyata ta ƙi shiga mota. Duba mini ita a baranda."

Sai da ta hau tudun bayan gari ta sami sabis, ta amsa: "Ɗan ofis, na gan ta, na sa ta wankin kwalabe. Mai kaya ya zo ya ɗauka da kansa."

Daga nan ya zauna ya rubuta rahoto. Kai, ƙuruciya dangin hauka ce. Shi a tunaninsa yabo yake zuba mata, don kwamitin gunduma ya ƙara mata babur na biyu. Ya lissafa tafiya talatin da ɗaya zuwa Anka da ya gani a littafin aikinta, da kwanan wata, da maganin da ta ba yara kyauta, ya sa hannu. Ya miƙa wa ubansa, a zaman nan kuma ya faɗa masa yana son aurenta.

"Ɗiyar wa?" in ji Rabaran.

"Marainiya ce, Baba. Marigayi mahaifinta kuku ne a gidan mishan."

"Na riga na yi magana da Dattijo Musa kan ɗiyarsa Rahila. Mutumin da ya rufa mana majami'a da kwano ba zan watsa masa ƙasa a ido ba saboda mai wankin miki."

Bai ɗaga murya ba, Rabaran ba ya faɗa. Ya ninke rahoton ya sa a aljihu.

Bayan mako biyu aka kira Keziya Gummi. Ranar Lahadi, majami'a cike, aka tsayar da ita a gaba. Rabaran ya karanta rahoton, bai ƙara ko harafi ba, murya kawai ya sauya. Tafiya talatin da ɗaya ta zama almubazzaranci da kayan Ubangiji, maganin kyauta ya zama cin amanar asusu. Ya faɗi hukuncin kwamiti: horon shekara guda. Za ta zauna a bencin baya ita kaɗai, ba cin gurasar jibin Ubangiji tare da jama'a, ba aure a majami'a, ba farar rigar amarya. An rufe ɗakin magani, an karɓe babur.

"Wanda ya shaida wannan," in ji shi, "Irmiya Makau."

Keziya ta juyo ta dube shi. Yana zaune a layin gaba. Nan ne wurin da namiji zai miƙe, shi kuwa bai miƙe ba. Tsoron uba ya ɗaure shi tamau, ta wuce ta gabansa zuwa baya, matan zumunta na janye zannuwansu kada ta goge su.

Ya kira ta sau ba adadi, ba ta ɗauka ba. Ya sami ubansa ya ce, "Baba, wallahi yabo na rubuta."

"Gaskiya ka rubuta. Ni na san abin da ake yi da ita."

Kwana tara bayan haka saƙo ya shigo: "Nusaiba, wadda ka riƙe wa ƙafa, ta rasu jiya. Ciwon ya tashi, ba babur. Ka sa wannan a rahotonka."

Irmiya ya yi kuka kamar ƙaramin yaro, ya tsani hannunsa da ya riƙe biro. Ya amsa mata: "Likitata, ba ni da bakin magana. Ni na jawo, kuma na yi shiru ranar da ya kamata in tashi. Ki jira ni Lahadi."

Ranar Lahadi ya shigo ana tsakiyar wa'azi. Ya je gaba ya ajiye makullan ofis a teburin ubansa, ya juya ya bi ta tsakiyar jama'a har bencin baya, ya zauna. Rahila ta rufe baki da littafin waƙa tana dariya.

"Wanda ya kai kansa can da ƙafarsa," in ji Rabaran, "ya bar aikinsa, ya bar gidana." Ya ci gaba da wa'azi daga inda ya tsaya.

Keziya ba ta dube shi ba. Ƙasa-ƙasa ta ce, "Tashi, kada ka ɓata wandonka."

Bai tashi ba. Ya koma ɗaukar buhunan shinkafa a kasuwa, yana kwana a shagon wani aboki, kowace Lahadi yana bencin nan. Sai a Lahadi ta bakwai ta sake buɗe baki.

"Ban yafe ba fa."

"Ban ce ki yafe ba, Likitata. Wuri kawai nake so."

Ta janye jakarta daga tsakaninsu. "Ɗan ofis, ka rame. Kana cin abinci kuwa?"

Da kaka ta yi, ya kai sadaki wurin kawunta. Ba limamin da ya yarda ya saɓa wa Rabaran, sai wani tsohon mai bishara, Baba Isa, wanda ya yi ritaya, ba abin da za a ƙwace masa. Shi ya ɗaura auren a Tungar Gidaɗo, a barandar ɗakin magani, kwaɗo na rataye a ƙofa. Daga Gummi saƙo ɗaya ya zo: "Ba da yawuna ba."

An hana ta rigar amarya, amma ba a hana ta rigar aikinta ba. Matan garin, duk Musulmi, su suka wanke ta suka goge da dutsen guga na gawayi, suka dafa shinkafa, amarya ta fito fara tas. Baba Isa ya haɗa hannayensu ya sa albarka, jama'a suka amsa da amin, kowa da irin tasa.

Ana shirin tashi, Maimunatu, uwar Nusaiba, ta matso. Ta gyara wa amarya wuyan riga, sannan ta tsaya a gaban ango ta ƙare masa kallo.

"Kai ka rubuta wagga takarda?"

"Ni ne, Inna."

Ta gyaɗa kai. Keziya ta ƙara damƙe hannunsa.

"To, Allah shi ba ku zaman lafiya," in ji Maimunatu. "Allah shi ba ku ɗiya. Ranar da ciwo ya kama ta, Allah shi sa a samu babur."

Irmiya ya sunkuyar da kai ya ce amin.